Jan Kifin Mal-sun

Bong Dal-ho ba shi da wani goshi. Na faɗa tun a lokacin, ina kuma maimaitawa. Mutum ne mai ciwon gwiwa wanda ba ya barin ƙauyensu sai ranar da gari ya waye garau, ranar da gari ya waye garau kuwa ko duwatsu ka kasa a kasuwar Namhae za ka sami mai tayawa. Amma matan kasuwa sun riga sun yanke nasu hukuncin, wai duk wadda Dal-ho ya yi wa cinikin fari, kafin rana ta karkata ta kaɗe tirenta ta tafi gida. Shagona na matsar man riɗi yana daidai ƙofar kasuwa, daga kan kujerata ina hango layin ganye har ƙarshen layin kifi, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Shekarar da ya ajiye aikin jirgin fito ne ya fara shigowa a motar farko, don zaman gida ya ishe shi. Wata safiya ya sayi damin alayyafo a wurin Kaka Bun-i, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin ganye. Ta tofa wa kuɗin yawu ta goga a gashinta kamar yadda ake yi wa kuɗin fari, kafin ta gama cusa shi a aljihun gabanta sai ga wata motar baƙi ta tsaya ta kwashe mata kaya tas. Shi ke nan. Tun daga ranar Dal-ho ya zama Kawun kowa. Da ya sako ƙafa ake fara kiransa ta dama da hagu, wannan ta riƙe masa hannun riga, waccan ta tura masa abu a baki. Shi kuwa, dattijo da furfura da jikoki, abin ya shiga kansa. Ya sayi hular malafa mai jan zare, ya fara goge takalmi don zuwa wurin da ake wanke kifi. Yabo ya fi giya bugar da mutum, kuma babu mai hana shi hawa mota in ya sha.

Ranar da nake magana a kai, surukarsa ta cika shekara da rasuwa. Tsohuwar ba ta bar ɗa namiji ba, don haka matarsa Gil-ja ce za ta shirya teburin abincin tunawa da ita a gidansu, ƙannen Gil-ja mata kuma suna hanya daga Busan. Marigayiyar matar masunci ce. Teburinta in babu jan kifin nan da ake kira domi a kwance cikakke, da kansa da wutsiyarsa, to gara ma kada a shirya. Gil-ja ta gurɗe ƙafa a gonar tafarnuwa, ba ta iya takawa, dole ta aiki mijin. Shi da bakinsa ya gaya mini umarnin da ta ba shi, yana tsaye a ƙofar shagona yana dariya yana bubbuga aljihun da ambulan ɗin kuɗin yake ciki. Domi guda, babba, marar tabo. Ba a neman ragi a kan kifin mamaci. Ya kamo motar tsakar rana don a samu a sa masa gishiri a turara kafin baƙi su iso. In kuwa ya dawo babu kifin, to ya yi ban kwana da kasuwa muddin tana raye. Ba barazanar banza ba ce, kuɗin gidan a hannunta suke, har kuɗin mota sai ta ƙirga masa.

Na ce masa ya bi ta bayan kasuwa, ta hanyar masu kwasar shara, ya faɗa layin kifi kai tsaye. Iska ta hana jirage fita kwana da kwanaki, sai yau gari ya buɗe, kuma duk kasuwar domi guda ne ya isa a ɗora a teburin mamaci, yana wurin Mal-sun. Ya ce ai an ji. Ya gyara malafarsa ya shiga ta babbar ƙofa.

Sai na ce wani abu a kan Mal-sun. Teburinta ne na ƙarshe a layin kifi, kusa da magudanar ruwa. Mijinta ya fita da jirginsa wata shekara bai dawo ba. Ta buɗe ɗan gidan abinci, wuta ta cinye. Matan kasuwa suka haɗa wannan da wancan suka ce baƙin goshi gare ta. Suna cin abinci kwano ɗaya da ita, suna zuwa mata biki, in ta kwanta ciwo su ne masu dafa mata kunu. Amma in ta taso da safe za ta sayi ko albasa ce, sai ka ga kowace ta duƙa tana gyara takalmi har ta wuce, don kada cinikin farinsu ya faɗa a hannunta. Mugunta ce aka sa mata rigar al'ada, kuma masu yin ta ba su taɓa jin kunya ba. Ita kanta Mal-sun ba ta taɓa samun cinikin fari daga hannun Dal-ho ba, kafin ya ƙaraso ƙarshen layi wani ya riga shi. Da safen nan da ta ji labarin abin da aka aiko shi saye, sai ta kwantar da kifin a kan ƙanƙara, ta yi masa matashi da ganyen gora, ta sanar da duk layin cewa yau ko ƙwayar jatan lande ba za ta sayar ba sai Kawu ya zo ya buɗe mata.

Dal-ho bai yi nisa da shagona ba Kaka Bun-i ta kama masa ƙafar wando. Ta ce kwana da kwanaki iska na kaɗa mata alayyafo yana yaushi a gabanta, yau ga rana ga Kawu, ba za ta sake shi ba. Ya ce yau aiken mamaci ne ya kawo shi.

"Mamaci ba ya sauri, ɗana," in ji ta. "Ni ce mai sauri. Dami ɗaya kawai."

Ya zaro ambulan ya ciri kaɗan. Ta tofa, ta goga a ka, ta ɗora masa gyara wadda ta fi abin da ya saya. Matar da ke gefenta mai tafarnuwa ta ce wato ita 'yar bora ce a layin nan. Na gabanta mai barkono ta ce ba komai, ta san Kawu ya fi son tsofaffi, hakan ma tarbiyya ce. Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya sake zaro ambulan.

Daga nan ba tafiya yake yi ba, miƙa shi ake yi daga hannu zuwa hannu. Mai dankali ta gasa masa ɗaya ta ɓare ta sa masa a baki da zafinsa. Mai ganyen teku ta ce fuskarsa ta ƙara haske tun ganinta da shi na ƙarshe, ya sayi ƙunshi. Mai busassun ƙananan kifi ta ce ba haske ba ne, ƙiba ce, matarsa na kiwonsa kamar za a kai shi gasa, ya sayi kwali. Mai tuyar hotteok ta miƙa masa wainar tana ɗigar da narkakken sukari, ya gantsara, ta ƙona masa leɓe, ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya yana fifita baki da malafa, layin gaba ɗaya na tafa masa. Don ya huce aka ba shi tsinken kifin niƙa da kofin romo mai zafi, wanda bai hucar da komai ba. Wata ta rataya masa igiyar busasshiyar kanya a wuya kamar wanda ya ci zaɓe. Wata ta ba shi aron keken tura kaya, saboda hannayensa sun cika.

Ana cikin haka mai gugguru ya ɗaga murya yana gargaɗin jama'a su toshe kunne, injinsa ya fashe da ƙara, farin hayaƙi ya tashi, guggurun shinkafa ya cika ragar. Ya ce wannan fashewar farko ce ta yau, ta Kawu ce. Dal-ho ya sayi buhu guda mai girman yaro ɗan shekara biyar, ya ɗora a saman keken, ya fara wata rawa da kafaɗu yana tura kaya. Mutumin da ya ce gwiwa na damunsa ke nan. Na leƙo daga shago na yi masa nuni da rana. Ya ɗaga mini tsinken kifi alamar gaisuwa.

Ko da ya shiga layin kifi rana ta ɗaga sosai. Masu kaguwa da masu dorinar teku mai ƙafa takwas sun riga sun buɗe da wasu, sai tsiya kawai suka yi masa ya wuce. Na kulle shago na bi bayansa, ba don son kallo ba, don na san akwai abin da zai faru.

A gaban teburin Mal-sun akwai mutum a zaune kan kifaffen bokiti, ya harɗe hannuwa. Maigida Tak ne, mai babban gidan cin kifi na bakin gada. Tun safe yake wurin. Yana da manyan baƙi da dare, yana son domin nan da sauran kayan teburin gaba ɗaya, ita kuma ta hana shi taɓa ko wutsiya. Ya lallashe ta, ya yi fushi, ya tafi, ya dawo. Ƙanƙara na narkewa tana bin ƙafafun tebur.

Da Mal-sun ta hango malafa mai jan zare sai ta miƙe tana goge hannu a jikin rigar aikinta, fuskarta kamar yarinyar da aka zo ɗauka daga makaranta.

"Kawu, ka ga dama ke nan. Na ɗauka sai an yi wa surukar taka shekara biyu."

"Inna, hanya ce ta yi tsawo."

"Na ga tsawonta a bakinka. Goge sukarin."

Ta yaye ganyen gora. Kifi ne na gaske, ja kamar fitowar rana, da ɗige-ɗigen shuɗi a gadon baya, idonsa tar. Ta faɗi kuɗinsa. Dal-ho ya miƙe ƙirji ya ce ba a neman ragi a kan kifin mamaci, ya zaro ambulan da salo, ya sa yatsu. Ya sake sawa. Ya kifa ambulan ɗin ya kaɗa, ya hura masa iska ya leƙa ciki. Ya lalube aljihun wando, na riga, har cikin malafa. Abin da ya fito bai wuce kuɗin motar komawa ba.

Wata mai kaguwa ce ta fara tuntsirewa, sai layin ya ɗauka. Maigida Tak ya tashi daga kan bokiti yana kaɗe wando, ya ce to an gama wasa, a naɗe masa kifinsa.

Mal-sun ba ta yi dariya ba. Ta dubi keken, ta dubi mai keken. Dal-ho ya ce ta ba shi kifin, kasuwa mai zuwa zai kawo mata. Ta ce ya taɓa jin inda aka buɗe ciniki da bashi? Ya ce to ta karɓi kayan keken a madadin kifi. Ta ce musaya ba ciniki ba ce, me za ta tofa wa yawu, tafarnuwa? Ya waiwayo ya gan ni, ya ce ga abokinsa mai man riɗi zai ara masa. Kafin in buɗe baki in ƙi, don ƙi zan yi, Mal-sun ta ce kuɗin aro goshin mai shi yake ɗauke da shi, ita kuwa ba ta wuni da yunwa don goshin mutumin da ko murmushi ba ya yi ba. Aka sake dariya, wannan karon a kaina. Ban damu ba.

Mal-sun ta ce da Tak ya koma kan bokitinsa. Za ta jira har ƙararrawar cocin kan tudu ta buga tsakar rana. In ta buga Kawu bai zo da kuɗinsa na kansa ba, kifi na Tak ne, don ƙanƙara ba ta san goshi ba.

Dal-ho ya juya keke a guje ya koma layin ganye. Ya fara da Kaka Bun-i, ya roƙe ta ta karɓi alayyafonta ta mayar masa da kuɗinsa. Tsohuwar ta rufe aljihunta da hannu biyu kamar an ce za a cire mata haƙori. Mayar da kaya da safe, kuma kayan cinikin fari? Ta ce ya je ya tambayi uwarsa a lahira ko ta taɓa ji. Ya ce da mai barkono to ita ta sayi tafarnuwa, mai tafarnuwa ta sayi barkono, ba mayarwa ba ce. Suka ce kuɗi ba ya fita daga aljihun mai sayarwa kafin tsakar rana, in ya fita 'yan'uwansa za su bi shi. Duk matan da suka cika masa baki da dankali suna tausaya masa har da dafe ƙirji, amma ko ɗaya ba ta zuge aljihu ba. Ya zo wurina ya ce in sayi ganyen teku. Na ce masa ni na nuna masa hanyar baya tun da safe, iyakar abin da zan ba shi ke nan.

Mai tuyar hotteok ce ta kawo shawarar, da wasa ta faɗa. Ta ce tun da yana da kaya, ya kasa mana. Kafin ya amsa an shimfiɗa masa buhu a mahaɗar layin ganye da na kifi, an jera masa alayyafo da tafarnuwa da barkono da dankali da ganyen teku, buhun gugguru a tsaye a bayansa kamar ɗan rakiya. Wata ta cire rigar aikinta mai furanni ta ɗaura masa. Wata ta karɓe malafa ta ɗaura masa ɗankwali. Suka zaunar da shi a tsugune, gwiwar nan tasa ta yi ƙara, suka ce to Inna Dal-ho, a kira masu saye.

Kiran farko da ya yi ko ni da ke kusa ban ji ba. Kaka Bun-i ta ce haka yake kiran matarsa, shi ya sa ba ta amsawa. Suka koya masa yadda ake ja daga ciki, yadda ake tafa hannu, yadda ake ce wa kowace tsohuwa amarya, kowane mai sanƙo shugaba. Ya gwada. Ya sake gwadawa. Can sai abin ya kama shi, ya miƙe tsaye da damin alayyafo a kowane hannu yana kirari, wai alayyafon da ya sha iskar teku, wanda ya ci ba ya tsufa, ga shaida nan Kaka Bun-i, tun zamanin sarakuna take ci. Tsohuwar ta jefe shi da albasa. Jama'a suka taru har hanya ta toshe, masu kaguwa suka bar teburansu, mai gugguru yana buga masa gwangwani.

Amma kallo daban, saye daban. Duk matar da ta fito cefane a garin nan tana da wadda take saye a wurinta shekara da shekaru, kuma waccan tana tsaye a wurin tana kallonta. Wa za ta miƙa hannu ga tafarnuwar Dal-ho a gaban mai tafarnuwarta? Sai su yi dariya, su ce Kawu sannu da ƙoƙari, su wuce. Wata baƙuwa mai jaka a kafaɗa ta tsuguna, kowa ya zuba mata ido. Ta ɗaga ganyen teku ta shinshina, ta latsa dankali, ta tambayi kuɗin barkono, ya faɗa, ta ce za ta zagayo. Tana ba da baya mata uku suka watsa gishiri a inda ta tsuguna don korar baƙin goshi, rabinsa a fuskar Dal-ho. Ya yi atishawa har ɗankwali ya zame.

Daga nan kirarin ya fara raguwa. Yana yi yana ɗaga kai wajen tudu. Daga inda yake yana hango Maigida Tak ya sa an kawo masa akwatin ƙanƙara ya ajiye a gefen bokiti. Na ga lokacin da dariya ta bar fuskar Dal-ho ta bar bakinsa a buɗe. Ina jin a lokacin ne ya tuna akwai mace a gida da ƙafa a kumbure tana goge kwanukan tagulla na uwarta, ta bar babban faranti a tsakiyar tebur.

Sai ga Mal-sun ta taho. Ta bar teburinta, tana tafe cikin takalmin roba, jama'a na darewa. Ta tsaya a gaban buhun, ta zuge aljihun gabanta inda take ajiye canji da kuɗin sarin gobe.

"Mai kaya, nawa ne gaba ɗaya? Har buhun bayan naka."

Kaka Bun-i ta ce Mal-sun, tsakar rana ba ta yi ba, kuɗinki za su bi juna. Mal-sun ta ce su bi, ta saba rakiya. Maigida Tak ya biyo ta yana cewa wannan zamba ce, kuɗinta ne za su zagaya su koma mata, ina cinikin yake? Aka juya ga Kaka Bun-i, don ita ake tambaya irin wannan. Tsohuwar ta tauna bakinta, sannan ta ce in Dal-ho ya karɓa ya tofa ya goga a kansa, kuɗi sun zama nasa, babu mai ja. Amma ta ƙara da cewa ya sani, wannan ne cinikin farinsa na duniya, kuma ga hannun da zai fito. In ya goga kuɗin Mal-sun a goshinsa, abin da ke goshin ya tafi ke nan. Ita dai ba za ta sake kama masa wando ba.

Matan suka fara magana gaba ɗaya. Mai barkono ta ce Kawu ya yi tunani, akwai ƙananan domi a wurin wasu, a haɗa biyu su yi ɗaya. Mai ganyen teku ta ce mamaci ai ba ya auna kifi. Mai dankali ta ce ya jira ƙararrawa ta buga, ita da kanta za ta saye kayan, ta manta cewa in ta buga kifi ya tafi. Duk a gaban Mal-sun suke faɗa, tana tsaye da kuɗi a hannu, hannun dai bai sauka ba.

Dal-ho ya dubi layin ganye tun daga farkonsa, duk fuskokin nan da suke kiransa Kawu. Ba zan ce bai yi jinkiri ba, ya yi, har na fara jin haushinsa. Sai ya share gishirin fuskarsa da gefen rigar furanni, ya miƙa hannu biyu kamar yadda ake karɓa daga babba.

"Amarya, kin yi sa'a, ke ce ta fari. Kawo."

Ya tofa musu yawu, ya ture ɗankwali baya, ya goga a goshi, ya goga a sanƙo, ya sake gogawa har da ƙeya. Wata ta ce wayyo. Ya tsince damin alayyafo ɗaya da ya faɗi gefe ya ɗora mata a kan kayan, ya ce ga gyara, ta riƙa zuwa. Mal-sun ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har tana riƙe ciki.

Suka ruga layin kifi tare, ita a gaba cikin takalmin roba, shi a baya da rigar furanni, jama'a na bin su. Ta zagaya bayan teburinta ta gyara tsayuwa, ta haɗe fuska kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta ce Shugaba me za a ba ka? Ya ce domin nan. Ta faɗi kuɗi. Ya zube mata duk abin da ke hannunsa. Ta tofa, ta goga a gashinta, ta ɗaga sama ta nuna wa layin. Tana cikin naɗe kifin a ganyen gora ƙararrawa ta fara bugawa a kan tudu.

Maigida Tak ya yi ta faɗa, ya ce ba zai sake taka teburinta ba, sannan ya saye sauran kayan gaba ɗaya, don baƙinsa na nan zuwa kuma babu wani kifin kirki a garin. Nan take aka fara gardama. Masu kaguwa suka ce ga shi nan, goshin Kawu bai tafi ba, dubi yadda ta sayar tas. Masu ganye suka ce wannan ragowar ce, ta ƙarshe ce ya zube mata. Na ce musu Tak tun safe yake zaune a kan bokiti yana jiran ya saya, babu goshin kowa a ciki. Ba wanda ya saurare ni.

Dal-ho bai tsaya jin hukunci ba. Ya rungumi akwatin da aka sa masa kifin a ƙirji ya nufi tasha ta tsakiyar layin ganye. Masu kasa kayan rana sun fara sauke kwandunansu, ba su buɗe ciniki ba tukuna, kuma labari ya riga shi isa wurinsu. Yana matsowa suka duƙa ɗaya bayan ɗaya suna gyara takalmi. Ya gan su sarai. Ya bi su da gaisuwa kowace da sunanta, da ƙarfi, yana dariya, ba tare da ya rage sauri ba. Mai rigar furanni ta biyo shi tana kiran ya cire mata rigarta, ya ce ba shi da hannu.

Motar ta fara motsi ya buga mata ƙofa da ƙafa, direba ya tsaya. Ta taga na hango shi ya zauna a kujerar gaba, da ɗankwali a karkace, akwatin a kan cinyarsa, ya ɗaga murfin kaɗan yana leƙa kifin. Ni kuwa na koma na taya Mal-sun tura keken tafarnuwa da gugguru zuwa teburinta, don babu wanda ya yi tunanin taya ta.